Zanin Umma a Paris

Kwana 90 biza ta ba Umma, babu ƙari. Ranar da ta sauka a Jamus ina da kwana huɗu da haihuwa, kuma tun daga ranar nake ƙirga kwanakin a zuci kamar mai ƙirga ragowar kuɗin cefane. A al'ada ni ya kamata in tafi Kano wankan jego, tunda haihuwar fari ce. Sai abin ya juya, gidan ne ya biyo ni har hawa na uku a wani bene a birnin Kolon, da ƙullin kanwa da yajin jego da zannuwa biyar a cikin akwati.

Komai ya tafi daidai tsakanina da Umma in ban da maganar keke. Tun ina da ciki wata bakwai muka sayi keken jarirai, na hannu, amma mai kyau, Yuro 350. Manyan tayoyi gare shi, da rumfa, da ledar ruwan sama, da kwando a ƙasa. Ranar da Umma ta fara ganinsa a bakin ƙofa sai da ta zagaya shi sau biyu, sannan ta ce, "Wannan amalanken fa, na waye?"

Na yi mata bayani: nan haka ake yi, ya fi lafiya, ya fi tsafta, bayan mutum ba ya ciwo. Ba ta ce komai ba. Ni 'yar fari ce, Umma ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar gardama da ni. "Ke" ce kawai, sai kallo. A cikin gida ita take goya kishiyarta, kamar yadda take kiran jaririyar, ta yi shara da ita, ta yi girki da ita. In za mu fita kuwa, ni nake kwance goyon in shimfiɗa ta a keke.

Abin da ban gaya wa Umma ba, ban ma gaya wa kaina sosai ba, shi ne kunya nake ji. Ni da na goyi ƙannena uku tun ban kai shekara goma ba, ba iyawa na rasa ba. Ba na so ne in bi titin Kolon da goyo a baya, in zama hoton nan da suke liƙawa a allon neman taimako wa Afirka. Na riga na gaji da kallon da ake yi wa mayafina, ban ga dalilin ƙara wa kaina wani ba. Abin dariyar, ungozomar da ke zuwa duba ni a gida ta taɓa ba ni wata takarda ta masu koyar da ɗaukar jariri da zane. Biya ake yi, a zauna a koya maka ɗauri. Da na fassara wa Umma sai ta riƙe haɓa. "Goyon ne har makaranta ake shiga?"

Da kwanakin suka zo ƙarewa, muka yanke shawarar raka ta Paris, domin daga can akwai jirgin da zai sauke ta Abuja kai tsaye, ba sai ta yi canji ita kaɗai a inda ba ta jin yare ba. Muka ƙara kwana biyu don ta ga gari.

Ana cewa babu iyaka tsakanin ƙasashen Schengen, kuma gaskiya ne jirgin ƙasa yana wucewa ba ya tsayawa a kan iyaka. Amma baƙo ba ya tafiya hannu rabbana. 'Yata a Jamus aka haife ta, sai dai hakan bai sa ta zama Bajamushiya ba, don haka sai da muka yi mata fasfon Najeriya da takardar izinin zama. Ɗaukar hoton fasfon kaɗai labari ne, a ce jaririyar da wuyanta bai tsaya ba ta buɗe ido ta kalli gaba. Na haɗa takardun duka a jaka ɗaya da ɗan littafin nan ruwan ɗorawa da ake rubuta awon yara a ciki, na rataya a wuya kamar laya.

Tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai awa uku da rabi ba. Aachen, Liège, Brussels, sai Paris. Yaron da bai kai shekara huɗu ba ba a biya masa in a cinya zai zauna. Na shayar da ita a ƙarƙashin mayafi, na canja mata famfas a wani ɗan teburi da ake sauko da shi daga bangon banɗaki, jirgi na jijjiga ina dafe ta da hannu ɗaya. Umma na jan carbi tana kallon shanun Beljiyam ta taga, tana cewa waɗannan ba su san rani ba. Har na fara jin cewa na iya.

A ƙarƙashin ƙasa Paris ta karya ni. Jirgin Metro tun 1900 yake aiki, kuma waɗanda suka haƙa shi ba su yi tunanin mace mai keken jariri ba. Layi na 14 ne aka gina da lifta a kowace tasha, sauran yawanci matakala ce, ka sauka, ka bi dogon lungu, ka hau, ka sake sauka. Ga ƙofofin shiga matsattsu. Mu kuma muna da akwatin Umma mai kilo 23, da jakunkuna biyu, da keke, da Umma wadda gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta.

Sau uku ni da maigidana muka ɗaga keken, shi a gaba ni a baya, jaririya a ciki tana karkacewa, sannan ya koma ya ɗauko akwati. A matakala ta huɗu ta farka ta fara tsala kuka, irin kukan da ke sa nonon uwa tsatsafowa. Mutane na ratsa mu ta ko'ina. Na girgiza keken, na rera mata, na ba ta yatsa, a banza. Maigidana ya ce mu fita mu nemi tasi, na ce ba mu da kujerar jariri ta mota, muryata ta fi yadda na so ƙarfi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Umma ta jingina da bango, ta zuge jakar hannunta, ta ciro zani da majanyi a ninke. Ashe tun daga Kolon suna ciki.

"Ke, duƙa."

"Umma, a nan?"

"Ni gwiwata ba za ta hau da ita ba. Duƙa."

Na cire rigar sanyi na duƙa, a tsakiyar lungu, ƙarƙashin wani allon talla. Ta ɗora mini ita, ta ware ƙafafunta a ƙuguna, ta yafa zanin. Hannuna ne ya ƙarasa sauran ba tare da na yi tunani ba: soke na sama a ƙirji, murɗe na ƙasa, jan majanyi. Umma ta lulluɓa mana rigar sanyin ta baya saboda Nuwamba ce. Kafin mu kai ƙarshen matakalar kukan ya koma ajiyar zuciya, kafin jirgi ya zo ta yi barci, ɗumin numfashinta a tsakanin kafaɗuna.

Na yi ta satar kallon fuskokin mutane a cikin jirgi ina jiran abin da na daɗe ina tsoro. Kowa na kan wayarsa. Wani saurayi ya tashi ya ba ni kujera, na ƙi, don mai goyo tsayuwa ta fi mata. Shi ke nan. Wata uku ina ɓoye abin da babu wanda ya damu da shi, ko kuma an kalla ni ce ban ƙara damuwa ba. Har yau ina juya wannan a raina.

Hasumiyar Eiffel mun gan ta washegari, Umma ta ce ƙarfe ne dai, ta tambayi ko da wurin zama. Inda ta sake shi ne Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi. Ta yi azahar da la'asar, muka sha shayin na'ana'a mai zaƙi. Daga nan sai kasuwar Château Rouge, inda mata masu goyo suka fi a ƙirga. Wata mai sayar da kaya 'yar Damagaram ta ji muna Hausa, ta bar cinikinta ta zo suka gaisa da Umma kamar sun shekara da sanin juna, ta leƙa bayana ta ce, "Masha Allah, an iya ɗauri." Keken ma bai yi zaman banza ba. Busasshen kifi da kuɓewa da manja muka loda masa, maigidana na turawa. Umma ta ce, "Malam, ka ga yanzu amalanken ya samu aikinsa." Da dare kuma a masauki a cikinsa yarinyar ta kwana, don babu gadon jariri, Umma da kanta ta ce to, yana da ranarsa.

Da safe muka hau jirgin da ke zuwa filin jirgin sama na Charles de Gaulle. Na shirya maganganu da yawa da zan faɗa mata, na godiya da na neman yafiya, babu wadda ta fito. A bakin inda ba a barin 'yan rakiya su wuce, Umma ta zagaya bayana, ta gyara wa kishiyarta hula, ta tofa mata addu'a. Sannan ta sa yatsa ta ja majanyin ta ji ƙarfinsa.

"Ya yi sako-sako. Ƙara ja."

Na ƙara ja. Ta ce zannuwa huɗu na nan a ƙasan durowa, ta bar mini. Ta ɗauki jakarta ta shiga layi tana ɗan ɗingishi, ba ta waiwayo ba.