Ayarin Zamani: Daga Adjamé Zuwa Treichville

Ran wata Asabar na yi sammako zuwa Adjamé don in tarbi ƙanena da ya rako albasa daga Galmi. Wanda ya san Adjamé da asuba ya san yadda take. Gbaka na ta hon, 'yan dako na ta neman hanya, warin albasa ya gauraya da hayaƙin gas, ga manyan motoci jere, ko wace da jar ƙurar arewa a jikinta. Motar da ƙanen nawa ya biyo ta yi tafiyar fiye da kilomita 2,000. Ya ce mini kwana biyu suka yi a daji bayan sun wuce Ferkessédougou, don tiyon iskar birki ya fashe, har albasar da ke ƙasa ta soma ruɓewa. Da an canja tiyon tun a gida, kuɗinsa bai kai na buhu ɗaya ba.

Wannan magana ta tuna mini da kakanninmu fatake, waɗanda kan taso daga Kano da Katsina su nufi Gwanja, su sauka Salaga ko Bonduku neman goro, tafiyar watanni. Ko wane ayari yana da madugu, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki. Ba a barin zango sai an duba bayan ko wane jaki ko akwai miki, an gyara mangala, an ƙara ɗaure igiya. Sun san jaki ɗaya in ya kasa, ayari duka ya tsaya. Da Turawa suka shimfiɗa dogon da suka kira Abijan zuwa Nijar, ya isa Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Saboda haka ayarinmu ya koma kan taya: albasa ta gangaro kudu, goron Anyama ya haura arewa. Jakin yau shi ne tirela.

Da muka rabu, sai na kama hanyar Treichville. Muna kan gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, mota a sama jirgin ƙasa a ƙasa, sai ga wata ƙaramar motar kaya tana jan 'yar'uwarta da igiyar rijiya. Ba ƙyalle a jikin igiyar, ba fitilar gargaɗi. Ta gaba ta taka birki, ta bayan ta matso, igiya ta yi sako-sako. Da ta gaba ta sake fizga, sai igiya ta tsinke. Motar ta tsaya a tsakiyar gada, wani mai babur ya sha da ƙyar. Yaron motar ya sauko yana ƙulla igiyar nan da ta tsinke, za su ci gaba!

Treichville a kan tsibiri take, kuma maƙwabciyar tashar jirgin ruwa ce. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, aka buɗe tashar a 1951, manyan motoci ke jiran lodi a wannan gefe. Can na tarar da wani dattijo, tsohon direba mutumin ƙasar Adar, yana tsaye a kan yaransa suna haɗa kai da tirela. Na gaishe shi, na ba shi labarin abin da na gani.

Ya girgiza kai ya ce, "Malam, mota in injinta ya mutu, birkinta ya yi tauri, sitiyari ma haka. Wanda ke ciki yana gani, amma ba ya iya kome. In ƙarama ce, a sa sandar ƙarfe ko igiyar da aka yi don wannan aiki, a ɗaura a ƙugiyar da aka tanada, a murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle, a kunna fitilar gargaɗi, a tafi sannu. In babba ce, sai janwe."

Na ce, "Baba, me ya hana a ja babba da sarƙa?"

Ya ce, "Birkinta da iska yake aiki. Ba inji, ba iska. In iska ta ƙare, tayoyi su cije a inda suke. In an kwance su don a ja ta, to ba ta da birki ke nan sam. Kuma dole a cire furofela, in ba haka ba giya ta ƙone, don mai ba ya zagayawa a cikinta."

Daga nan ya kama hannuna ya nuna mini farantin ƙarfen da ke bayan kan mota, wanda masu Faransanci ke kira selet. A ƙarƙashin tirela akwai ƙusa mai kaurin santimita 5 kacal, ita ke shiga bakin farantin ya kulle. Ya ce duk lodin da nake gani wannan ƙusa ce ke jansa. Shi ya sa ba ya yarda da ƙarar kullewa kawai. Sai an shiga da tocila an ga bakin ya rufe, ba tazara tsakanin faranti da tirela, sannan direba ya sa giya ya ɗan fizga alhali birkin tirela na kame. Bayan haka a haɗa tiyo biyu na iska, ja da rawaya, a saurara ko akwai yoyo, a haɗa wayar fitilu, a naɗe ƙafafun tirela har ƙarshe. Ko wace safiya a zubar da ruwan da ya taru a tankin iska, a shafa giris a faranti, a bi tayoyi da notocinsu ɗaya bayan ɗaya. Na duba agogo, duka bai kai rabin sa'a ba.

Mai karatu, hukuma ma ba ta yi shiru ba. Tun 2005 ƙasashen UEMOA suka ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka, akwai kuma binciken lafiyar mota na SICTA, sannan a 2023 aka soma lasisi mai maki 12, wanda laifi ke zaftarewa. Amma takarda ba ta ɗaure noti. Sau da yawa mu 'yan kasuwa ne ke matsa wa direba ya ƙara buhu, ya tashi yau yau, alhali ɗanmu ko ƙanenmu ne zai kwanta a kan lodin.

Don haka ina roƙon shugabannin al'ummarmu da masu motoci da dillalan albasa da goro su riƙa ba direba lokacin duba motarsa, su kuma tanadi kuɗin janwe cikin lissafin tafiya. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Madugu bai taɓa jin kunyar duba bayan jaki ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.