Ƙuduji a Cikin Wayoyinmu

A dā, in muna so mu kira iyayen yara zuwa makaranta, takarda mukan ba yaro ya kai gida. Wani ya manta da ita cikin aljihu, wani kuwa akuya ta cinye tasa. Da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, muka ce hutu ya samu. Ashe da sauran aiki.

Bara muka aika wa iyayen 'yan aji shida saƙo, su zo su cika takardun jarrabawar shiga sakandare. Kowa ya zo, sai wata gwauruwa mai tuyan ƙosai, 'yarta kuwa ita ce ta ɗaya a ajin. Saura kwana 2 a rufe, muka tafi gidanta.

Muka ce, "Mama, ba ki ga saƙonmu ba?"

Ta miƙo mana wayar. Ga saƙonni jibge ba a buɗe ba: tallar caca, tallar rance, da masu cewa a tura wa mutum 10 don a sami albarka. Namu yana can ƙasa, kamar gero cikin ƙuduji.

Ta ce, "Malam, tun da aka cuce ni na daina karantawa." Wani saƙo ne ya yi mata alkawarin taimakon kuɗin makaranta, aka nemi lambobin katinta na banki, ta bayar. Kafin gari ya waye, kuɗin adashinta sun tafi.

Muka ce, "Wa ya aiko miki?"

Ta ce, "Ai daga wurinku ya fito, shi ya sa na yarda."

Kunya ta rufe mu, gama gaskiya ta faɗa. Ɗayanmu ne ya tura wa iyaye, da nufin alheri, bai bincika ba.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Tun 1978 wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 tallar kwamfuta gaba ɗaya, ba wanda ya roƙe shi. Aikawa ba ta da tsada, don haka ko mutum ɗaya ya faɗa tarko, macuci ya ci riba.

To, ƙaƙa za mu yi? A 2016 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fito da lamba 2442. Wanda ya rubuta STOP ya aika can, za a tsare masa tallace-tallace. Amma lambar ba ta tsare ɓarawo, balle ɗan'uwa mai saurin hannu.

Saboda haka muka yi shawara. Saƙon makaranta daga lamba ɗaya kaɗai zai riƙa fita. Ba mai tura abin da bai san tushensa ba. Muka koya wa iyaye cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Wanda ya yi kuskure kuwa, a keɓe za a yi masa magana, kada a kunyata shi a gaban jama'a.

Yarinyar ta rubuta jarrabawarta, mun gode wa Allah. Kuɗin uwar dai ba su komo ba.

Ya mai karatu, kafin ka tura saƙo, ka tuna: wanda zai karɓa ba saƙon yake gaskatawa ba, kai yake gaskatawa.