Azumin da na yi ina jayayya da kamfanin ruwa

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Na dawo daga makaranta gab da shan ruwa, na tarar da ambulan a ƙasan ƙofa da sunana a jiki. Kamfanin ruwa ne. Fam 864 na shekarar da za ta kama ranar 1 ga Afrilu, sai fam 390 da suka ce bashi ne tun daga Satumba da na tare. Ni kaɗai, a ɗaki ɗaya da ɗan madafi da banɗaki, a hawan tsakiya na wani tsohon gidan jan bulo a arewacin Ingila. Na tura takardar ƙarƙashin farantin dabino, don ba ita za ta ɓata mini buɗa-baki ba. Bayan asham na ɗauko na duba layi-layi. Babu inda aka rubuta lita nawa na sha. Akwai dai wata lamba, 248, wai ita ce ƙimar gidan. Ita aka ninka da wani farashi, aka ɗora wani tsayayyen kuɗi a kai.

Talata, 4 ga Maris

Na buga musu waya da safe. Matar da ta ɗauka mai fara'a ce, irin fara'ar da ba ta rage ko kwabo. Ta ce gidan ba shi da mita, don haka ba da ruwan da na sha ake lissafi ba, da ƙimar gidan ake yi. Na ce ni ɗaya ne, kuma yini nake a waje. Ta ce ko mu goma ne, ko na yi bulaguron wata guda, lissafin ba ya motsi. Na ce to a gyara ƙimar. Ta ce su ba su da ikon taɓa ta, kuma babu wata hukuma da ke gyara ta yanzu. Na ce to zan koma wani kamfanin. Nan ta ɗan yi dariya, ta ce ruwa ba kamar lantarki da gas ba ne: kamfanin yankinka shi ne naka, ka so ko ka ƙi. Ta yi mini tayin biya wata-wata. Na gode mata na ajiye waya.

Laraba, 5 ga Maris

Karatun da ya kamata in yi a laburare yau, lambar nan 248 ta cinye shi. Ashe kafin 1990 ƙananan hukumomin Ingila da Wales suna karɓar harajin gidaje ne bisa ƙiyasin abin da gida zai kawo in an ba da shi haya na shekara. Ma'aikatan gwamnati ke zagawa su ƙiyasta, su duba girman gida da unguwarsa da yanayinsa. Zagayen ƙarshe na ƙasa baki ɗaya an yi shi a 1973, daga nan sai ɗaiɗaikun gidajen da aka gina ko aka sauya, har zuwa ƙarshen Maris na 1990. A shekarar ce gwamnatin Margaret Thatcher ta soke wannan haraji ta kawo na kai, kowane baligi ya biya. Jama'a suka ƙi, aka yi tarzoma a Landan, kafin shekarar ta ƙare ita ma ta sauka daga mulki. A 1993 aka kawo harajin ƙaramar hukuma da ake biya har yau. (Abin ya ba ni dariya: Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano tun 1979, su kuma a nan sai bayan shekara goma sha ɗaya suka tashi gwada harajin kai.)

To harajin ya mutu, amma lambobinsa ba su mutu ba. A 1989 aka sayar da hukumomin ruwa ga 'yan kasuwa, kuma kamfanonin suka ci gaba da amfani da tsohuwar ƙimar a duk gidan da ba shi da mita. Ofishin da ke ƙiyasin ya daina, ba a sabuntawa, ba a ɗaukaka ƙara. Gidajen da aka gina bayan 1990 galibi da mitarsu suke zuwa, kuma yanzu fiye da rabin gidajen Ingila suna da ita. Sauran kuwa suna biyan kuɗin ruwa bisa ra'ayin wani ma'aikaci da ya leƙa gidan tun ba a haife ni ba. Ga shi a 2025 an yi ƙari mai nauyi: matsakaicin abin da gida ke biya ya tashi da kashi 26 cikin 100, ya kai fam 603. Nawa ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ƙwanƙwasa wa maƙwabta. A ƙasa wata Baturiya ce mai aikin jinya, a sama wasu samari biyu 'yan Pakistan. Dukansu sun riga ni shiga gidan, kuma babu wanda ya taɓa ganin bil ɗin ruwa. Sun ɗauka yana cikin kuɗin haya. A nan na gane inda gizo ke saƙa: 248 ƙimar gidan ce gaba ɗayansa, tun yana gidan iyali ɗaya mai hawa uku. An yanka shi gida uku, ba a gaya wa kamfanin ruwa ba. Da na kama haya, dillalin gidan ya miƙa sunana da lambar gida kawai, bai faɗi ɓangaren da nake ba. Wato wankan mutum huɗu nake biya.

Na kira dillalin. Ya ce yarjejeniyata ta ce ruwa a kaina yake. Gaskiya ne, haka aka rubuta, kuma ban ce ba zan biya ba. Na ce ruwana zan biya, ba na gida ba. Ya ce wannan tsakanina da kamfani ne.

Juma'a, 7 ga Maris

Bayan sallah na tsaya da wani dattijo ɗan Sakkwato da muke ce wa Baba, wanda ya daɗe a ƙasar nan yana tuƙin bas har ya yi ritaya. Na ba shi labari. Ya ce, “Ɗana, ka nemi mita?” Na ce, “Baba, ai gidan ba nawa ba ne.” Ya ce, “Wa ya ce sai naka? Hayar wata nawa ka sa wa hannu?” Na ce shekara. Ya ce, “To mai gida ba shi da ta cewa. Sai wanda hayarsa ba ta kai wata shida ba ne zai nemi izini. Kyauta ake sawa, kuma cikin wata uku.” Na ce ina shakkar za ta sanyu, tunda da alama bututu ɗaya ne ya shigo gidan. Ya kama hannuna ya ce, “Shi ne ma ya sa za ka nema. In sun zo sun ga ba ta sanyuwa, dole su ɗora ka a kan kuɗin ƙiyasi, na mutum ɗaya. Amma ba sa ba wanda bai nemi mita ba. Ka yi ta kuka da tsada har Sallah, za su yi ta ba ka haƙuri.”

Na duba da dare, yadda ya faɗa haka yake, tun dokar 1999. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar ranar Talata ta ji ni sarai na ce ni kaɗai ne, amma ba ta ambaci wannan ƙofa ba. Ban ce mugunta ba ce. Tambayar da na yi ta amsa, wadda ban san zan yi ba ta bar mini.

Asabar, 8 ga Maris

Na kira gida na gaida Hajiya. Na yi kuskuren ambaton kuɗin a naira, ta yi salati ta ce, “Kai kuwa kogi kake sha?” Na ce, “Hajiya, ko kofi ɗaya na sha haka ne.” Ta ce ita mai garuwa in ya kawo jarka shida, shida take biya, in ya ce bakwai ta fito ta ƙirga. Bayan mun yi sallama na yi lissafin. A Ingila ana cewa mutum ɗaya na amfani da kusan lita 140 a rana, wato jarka shida 'yar lita 25 ba ta cika ba. Mai mita ana sayar masa da lita dubu-dubu, jarka 40 ke nan a kowane awo, har da kuɗin kwashe ruwan datti, wanda shi ma rabin bil ne ko fiye. Duk yadda na juya, ko da alwala biyar da wanki da girki, ban kusa fam 864 ba.

Litinin, 10 ga Maris

Abu biyu na yi. Na cike takardar neman mita a intanet. Sannan na rubuta ƙorafi ta imel, ba ta waya ba, saboda doka ta ba su kwana goma na aiki su amsa rubutaccen ƙorafi, in sun wuce su biya diyya. Na haɗa da yarjejeniyar haya, da hoton ƙararrawa uku da ke ƙofar gida, da shafin gwamnati na harajin ƙaramar hukuma, inda kowa zai iya sa lambar unguwa ya ga gidanmu an jera shi gida uku, kowanne da matakinsa. Ban rubuta kalmar zalunci ko sau ɗaya ba, ko da yake ta yi ta zuwa bakin alƙalami.

Talata, 11 ga Maris

Mai gidan da kansa ya kira, karo na farko da na ji muryarsa. Ya ce me ya kai ni tono, a bar kaza cikin gashinta. Shawararsa ita ce ya mayar da bil ɗin sunansa, kowane ɓangare ya riƙa ba shi fam 35 a wata na ruwa. Na ninka a kaina: fam 1,260 a shekara, a kan bil na 864. Na ce masa akwai ƙa'idar Ofwat, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa, ta 2006, wadda ta hana mai gida cin riba a ruwan da ya sayar wa ɗan haya, in ban da ɗan kuɗin hidima da bai taka kara ya karya ba. Ya yi shiru, ya ce zai sake kira.

Alhamis, 13 ga Maris

Saƙon tunatarwa ya shigo waya, cewa ana bina bashi. Gabana ya faɗi, na tuna masu yanke wuta da tsani da filaya a gida. A nan tun 1999 an hana yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi. Sai dai suna iya kai mutum kotu, sunansa ya ɓaci a wajen masu ba da bashi da masu ba da haya, kuma baƙo mai biza ba ya son ko inuwar wannan. Na kira na ce a dakatar da neman kuɗin har a gama duba ƙorafi, na kuma biya fam 60 don a ga ba gudu nake ba. Na karɓi lambar shaida na rubuta.

Laraba, 19 ga Maris

Mai duba bututu ya zo da tocila da dogon makulli. Ya buɗe murfin da ke bakin titi, ya rufe ruwan, ya ce in buɗe famfona. Ya ɗauke. Na Baturiyar ƙasa ma ya ɗauke, sai ga ɗaya daga cikin samarin sama ya leƙo da kumfa a ka. Ya shiga ɗakina ya ga ruwan madafi ta wani bango yake shigowa, na banɗaki ta wani. Ya ce mita ɗaya ba za ta iya ba, gyaran bututun kuwa aikin mai gida ne. Ya rubuta, na sa hannu. Duka bai fi minti ashirin ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Amsa ta zo. Sun yarda su sa ni a ƙiyasin mutum ɗaya, fam 372 a shekara. Amma bashin baya yana nan yadda yake, wai ƙiyasi daga ranar da aka nemi mita yake farawa. Ga wanda gidansa bai sauya ba, wannan magana ce da za a iya karɓa. Ni kuwa ba cewa na yi ƙimar ta yi tsada ba. Cewa na yi ba ta ɓangarena ba ce, ta wani gida ce da babu shi yanzu. Na mayar musu da wannan a layi huɗu, na nemi babba ya sake dubawa, na ce in ba mu daidaita ba zan kai wa CCW, majalisar da ke bin kadin masu shan ruwa kyauta.

Alhamis, 27 ga Maris

Sun soke tsohon lissafin tun daga Satumba. Bashin ya koma fam 171, an cire 60 ɗin da na biya. Farin cikin bai kai magariba ba, domin a ƙasan ƙofa akwai wasu ambulan biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yanzu kamfani ya san gida uku ne, kuma doka ta ce mazaunin gida ke biya sai in mai gida ya yi yarjejeniya da kamfani, wanda namu bai yi ba. Baturiyar ta ce dama ta san ranar za ta zo. Samarin sama kuwa na yi musu sallama a matakala, ɗaya ya amsa a daƙile, ɗayan ya wuce. Ban ga laifinsu ba, ɗalibai ne kamar ni. Amma ban ga yadda zan riƙa biya musu wanka don a zauna lafiya ba. Na zura musu takarda ta ƙasan ƙofa: su nemi mita don a ɗora su a kan kuɗin ƙiyasi, su nemi biya kaɗan-kaɗan, su kuma duba abin da yarjejeniyarsu ta ce, in an rubuta ruwa na cikin haya su bi mai gida ya biya su.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi a masallacinmu, na kai wa Baba turare. Na sama sun karɓi abincin da na kai musu, ba a dai yi hira ba. Mai gida bai sake kira ba. Yau aka fara cire fam 31 daga asusuna, haka zai riƙa tafiya duk wata.

Ɗan'uwa da ke shirin kama haya a Ingila, kafin ka sa hannu ka ce dillali ya nuna maka mitar ruwa. In babu, ka tambayi ko gidan yankakke ne, ka tabbatar da lambar ɓangarenka aka kai sunanka, kuma ka nemi mita a makon da ka tare.