Carbi Da Zullumin Gobe

Kowa a birnin Bauchi ya iya cewa gobe ta Allah ce, amma kaɗan ne zuciyarsu ta gaskata bakinsu. Akwai wani tsohon malamin makaranta a unguwar Jahun wanda ya shekara biyu yana jiran kuɗin sallamarsa. Kullum yakan kwana lissafin bashin hatsi da auren 'yarsa, har a kira assalatu bai runtsa ba.

Wani amininsa Batijjane ya kai shi wurin muƙaddami, aka ba shi lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma. Ashe zuciya ba ta riƙe ƙidayar carbi da ƙidayar bashi a lokaci guda. In ta sulale zuwa gobe, sai ya komo da ita kan ƙwayar da ke hannunsa.

Kuɗin dai ba su fito ba, bai kuma daina bin sawunsu ba. Sai dai yanzu ya san iyakar aikinsa: nasa kai takarda ofis, ranar biya kuwa sai Mai Sama. Da haka ya samu barci.