Ƙaramin rubutun da ke ƙasan hoton

Kwanan baya wani ƙanina ya turo mini hoto a WhatsApp, zanen layi ne da ke nuna yadda farashin abinci ya hau. Tun kafin in duba alƙaluman, idona ya tsaya a kan shimfiɗar zanen: launin toka-toka, da siraran layuka farare da suka gitta juna kamar saƙar tabarma. Na san wannan shimfiɗa. Ta ggplot2 ce, kayan zanen alƙaluma da Hadley Wickham, ɗan New Zealand, ya ƙera ya bai wa duniya kyauta. Sai na gangara ƙasan hoton ina neman sunan mai aikin da inda ya samo alƙalumansa. Babu. An datse wurin.

Abin ya taɓa ni, domin irin wannan zane ba daga sama yake faɗowa ba. Ita kanta manhajar R da ggplot2 ke zaune a cikinta, malamai biyu ne na Jami'ar Auckland, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka faro ta a farkon shekarun 1990, kuma ba su sa mata kuɗi ba. A 1997 aka buɗe rumbun CRAN, inda duk wanda ya ƙera wani kayan aiki zai ajiye shi, mai buƙata ya ɗiba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu wannan sana'a suke koyar da juna. A 2018 Thomas Mock ya fara wani shiri mai suna TidyTuesday. Kowane mako akan fitar da tarin alƙaluma guda ɗaya, kowa ya ɗauka ya zana yadda ya fahimta, sannan ya nuna zanen haɗe da umarnin da ya rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi. Ɗan koyo ya kwafi na gwani, ya warware shi, ya ga yadda aka yi ɗinkin. Masu amfani da manhajar Tableau ma suna da nasu tun 2016, wato Makeover Monday, inda akan ɗauko zanen da bai fito da kyau ba a sake masa fasali. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan tsari: gona ɗaya, kowa da fartanyarsa, ba mai jiran lada, yaro kuma yana kallon hannun babba.

Lokacin korona mun ci moriyarsu. Baƙar taswirar nan mai jajayen ɗigo ta Jami'ar Johns Hopkins, wadda ta riƙa nuna yaɗuwar cutar, Lauren Gardner ce da ɗalibinta Ensheng Dong suka fito da ita a watan Janairun 2020, suka kuma bar alƙaluman a buɗe ga kowa.

Su mutanen nan al'adarsu ce su rubuta tushen alƙaluma da sunansu a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Wannan ɗan layin ne kaɗai ke ba ka damar bin sawu ka tabbatar ko gaskiya aka faɗa maka. Don Allah, in za ka tura wa wani irin wannan hoto, ka bar masa ƙasansa.