Tsohuwar Vespa da Sabuwar Dabara

Injin Vespa na da yana cikin injuna masu bugu biyu, watau waɗanda fistin ke hawa sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, aiki ya kammala. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, ta kuwa yi zamani a garuruwanmu a hannun malaman makaranta da akawuna. Tawa gado ce daga mahaifina, kuma ita ce ƙafata zuwa jami'a, saboda haka gyaranta ba abin wasa ba ne a gare ni.

Ciwonta na farko wuta ne. A tsohon tsari akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa a kowane juyi na inji, su ne ke sa fulogi ya yi tartsatsi. Da yau da gobe sai su cinye, lokacin wuta ya goce, mutum ya yi ta buga kik da sassafe har gumi ya jiƙa masa riga. Na sa an cire su an ɗaura tsarin CDI, wanda ke tara wuta ya sake ta daidai lokacinta, ba tare da wani ƙarfe ya gogi ɗan'uwansa ba. Wannan ba bidi'a ba ce, domin Piaggio da kansa ya fito da P200E mai wutar lantarki irin wannan a 1977.

Da wani abokina ɗalibin injiniya ya ga ta warke, sai ya ce saura kafireto, a cire shi a sa na'urar fesa mai. A nan ne na ja da baya. Mai karatu ya lura, irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a cikinsa. Ana zuba baƙin mai kashi 2 cikin 100 a fetur, su bi ta cikin inji tare, da haka ƙarafa ke samun maiƙo. Kuma a lokacin da sabon mai ke shiga, ƙofar hayaƙi a buɗe take, shi ya sa wani sashe ke ficewa ta salansa ɗanye. In an fesa fetur a mazaunin kafireto, asarar tana nan. In kuwa an fesa shi kai tsaye a kan fistin, kamar yadda Envirofit ta yi wa babura masu ƙafa uku a Filifin, to an tare asarar, amma an raba fetur da baƙin mai, dole a nemo famfon baƙin mai dabam, da famfon fetur, da batir mai ƙarfi, da 'yar kwamfuta. Ko KTM, da dukan injiniyoyinsa, sai a 2017 ya kai babur mai bugu biyu da na'urar fesa mai kasuwa.

Kafireto kuwa, ko a wane ƙauye ya toshe, akwai bakanike a gindin bishiya da zai kwance shi da sukundireba, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Nawa yana nan inda mahaifina ya bar shi.