Yadda tsofaffin faya-fayanmu suka zama majigin gida

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ba ka tarar da wani kwali ko tsohuwar jaka cike da faya-fayan bidiyo ba. Akwai fina-finan Hausa da aka yi tsaraba da su daga Kano, akwai na wa'azi, akwai kuma na biki da suna da saukar karatu. Tunda waya ta shigo hannun kowa aka tura su ƙarƙashin gado, ƙura da laimar Kudu suna cinye su a hankali. A gidanmu mun fito da namu, kuma dalilin fito da su ne nake so in ba 'yan uwana mata labari.

Surukata Hajiya ta dawo wurinmu Legas bayan ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi jiki ya yi sauƙi, amma fita ta yi mata wuya. Ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, jikokinta kuwa Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da "na ƙoshi". In ta yi musu magana sai su amsa da Turancin makaranta, ita kuma ta yi murmushi ta yi shiru. Likita ya ja hankalinmu cewa kaɗaici da damuwa suna yawan kama masu irin wannan lalura, kuma suna rage musu ƙwazon shan magani da motsa jiki. Abin da muke nema shi ne abin da zai zaunar da kaka da jikoki a tabarma ɗaya, da harshe ɗaya.

Fim ɗin Hausa yana iya wannan aiki, sai dai faifai yana da halinsa. Faifan VCD ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, shi ya sa fina-finan wancan zamani suke zuwa kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku. Kowane faifai kuma da doguwar talla yake farawa. Ga wanda ya karce, ana tsakiyar magana hoto ya daskare. Duk lokacin da aka tashi canza faifai, a nemo rimot, a goge, a jira na'ura ta karanta, kafin a juyo yara sun watse, wannan ya ɗauki waya, wancan ya shige ɗaki. Hajiya kuma zaren labarin ya kuɓuce mata. Wannan ɗan giɓin na minti biyar shi ke kashe zaman gaba ɗaya, don haka muka ƙudura mu toshe shi.

Babban ɗana mai shekara 15 na ɗora wa aikin, ni kuma ina zaɓe. Mun aro kwamfuta mai ramin faifai, domin sababbin kwamfutoci da yawa ba sa zuwa da shi, ko da yake ana sayar da na'urar da ake jonawa ta waje a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Da farko mun goge kowane faifai da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. In ka buɗe faifan VCD a kwamfuta, fim ɗin yana cikin jakar da aka rubuta wa MPEGAV, sai a kwafe shi kawai. Na DVD kuwa, wanda ke ɗaukar gigabait 4.7, yana cikin jakar VIDEO_TS a gutsuttsure. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana haɗe shi ta mayar da shi fayil ɗaya na MP4, kuma tana ba ka dama ka ce daga daƙiƙa kaza zuwa kaza kake so. Ta nan muka yanke tallace-tallace da dogon jerin sunaye.

Bayan haka sai tsari. Kowane fayil muka sa masa lamba a gaban sunansa, 01, 02, 03, yadda kashi na biyu zai biyo bayan na ɗaya. Muka jera su a manhajar VLC, muka jona kwamfutar da talabijin da wayar HDMI, da ɗaya ya ƙare sai na gaba ya tashi da kansa. Wanda ba shi da kwamfuta a gida yana iya zuba su a filashi ya soka a bayan talabijin, amma ya gwada tun da rana ya ga ko akwatinsa yana bin lambobin, ya kuma sani cewa filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Abu biyu kuma sai an kula. Tsofaffin fina-finai an ɗauke su ne a hoto mai faɗin 4:3, in aka tilasta su cika allon zamani na 16:9 sai fuskoki su baje, gara a bar baƙin fili a gefe da gefe. Sauti ma ba ɗaya ba ne, wani faifan raɗa yake, wani tsawa. A VLC akwai wurin daidaita ƙarar sauti, mun kunna shi saboda kada Hajiya ta firgita, kada kuma a riƙa ƙure murya a kunnen yara.

Zaɓen abin kallo shi ne aikin uwa. Babu abin da ke shiga jerin sai na kalle shi ni kaɗai tukuna, domin ba duk abin da aka rubuta wa fim ɗin Hausa ne ya dace da ɗan shekara 7 ba. Daren Asabar muke yi, bayan sallar Isha'i, kuma ba ma wuce awa ɗaya da rabi. Mukan buɗe da gajeren barkwanci, galibi na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, saboda dariya ba ta buƙatar tafinta. Daga nan sai minti goma na bidiyon gida. Sai hutu. Sannan kashi ɗaya na dogon fim, sauran a bar shi sai mako mai zuwa. Yaro in ya ƙagu ya ga ƙarshen labari, da kansa zai shimfiɗa tabarma.

Hutun nan da gangan na sa shi. Fayil ne na hoton iyali da ke tsayawa a allo na minti goma. A lokacin ne Hajiya ke shan maganin dare, jikoki su kama ta ta ɗan taka zuwa ƙofa ta dawo, masu fitsari su je, idanu su huta. Muna barin ƙaramar fitila a kunne saboda kada hasken allo ya gajiyar da ido, kada kuma tsohuwa ta yi tuntuɓe. Abin taɓawa gyaɗa ce marar gishiri da kankana ko lemo, saboda hawan jininta. Autarmu ba ta kai shekara 2 ba, ana kwantar da ita kafin a fara. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Wayoyi, har da tawa da ta maigida, a kwano ɗaya ake tara su. Kwamfutar kuma cike take da caji, in aka ɗauke wuta sai a matso kusa a ƙarasa a ƙaramin allo.

Bidiyon gida ya fi komai tasiri. A faifan bikinmu akwai marigayi Alhaji, surukina, yana sa albarka. Ƙananan yaran ba su taɓa jin muryarsa ba. Hajiya ta riƙa nuna mutane tana faɗin sunayensu da dangantakarsu, wannan goggonku ce, wancan ƙanen kakanku ne. Ta ba su labarin majigi, yadda mota ke zuwa ƙofar fada da dare a kafa farin ƙyalle gari ya taru. Yanzu in wata kalma ta wuce su a fim, ita suke juyawa su tambaya. Tana kiran babban "maigidana", ƙanwarsa kuma "kishiya", su ma sun koyi ramawa. Ranar da na ji 'yata ta ce, "Hajiya, ke dai kishi ne ke damunki," da Hausa tsantsa, sai da na shiga kicin na share ido.

Ina roƙon abu biyu. Fina-finan da kuka saya, ku tsaya a kallon gida, kada a mayar da su abin turawa a waya ko sayarwa, domin guminsu ne, kuma satar fasaha ta durƙusar da masu sana'ar da yawa. Na biyu, faifan biki da suna da mai ɗaukar hoto ya buga muku ya fi na kamfani saurin lalacewa, zafi da rana da laima suna cin sa. Daga cikin namu, na sunan ɗana na biyu ya riga ya ƙi buɗewa, kuma babu wani wurin da za a same shi. Ku fara da irin waɗannan, ku ajiye kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya.